Kafson Mutane Ba Na Kare Ba Ne: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Ba Dabba Magani



Da yawa daga cikin iyalan da suka iso nan sun taho da abin da suka iya korowa: awaki biyu ko uku, jaki, 'yan kaji, wasu kuma har da karen gida da ya biyo su a ƙafa. Karen nan yana da aikinsa. Shi ke gadin turke da dare, shi ke bin yara kiwo, shi ke haushi idan baƙo ya doso. Don haka idan ya kwanta ciwo, mai shi ba ya son ya zuba masa ido. Abin da aka fi yi shi ne a lalubo ragowar kafson da aka rubuta wa yaro ko uwargida, a ɓare ɗaya a zuba masa a tuwo. Wani kuma zai je wurin mai tallar magani ya ce a ba shi "na kare". Makiyayi kuwa sai ya ɗebo kaɗan daga allurar shanu ya tsira masa.

Tausayin dabba abu ne mai kyau, addini ma ya yi horo da shi. Amma maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, ba a bayar da shi da ka. Idan aka yi kuskuren awo, ana iya kashe karen, ana iya asarar kuɗi, kuma ana iya jawo wa yaran gidan cutar da magani ba zai ji ta ba nan gaba. A wannan fitowar za mu bayyana yadda ake auna wannan magani, da dalilin da ya sa sai likitan dabbobi ne ke yanke awon, da abin da za mu iya yi da hannunmu kafin a same shi.

Abin da antibayotik ke yi, da abin da ba ya yi

Amoxicillin, ampicillin, tetracycline, cotrimoxazole, doxycycline, ciprofloxacin, duk antibayotik ne. Kafson nan mai ja da rawaya ko mai ja da baƙi da ake gani a tiren masu talla, galibi daga cikinsu yake. Aikinsu guda ne: yaƙi da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Su ne ke sa miki ya yi ruwa ya tara mugunya, su ne ke kawo wasu cututtukan fitsari, na mahaifa da na huhu.

Sai dai yawancin abin da ke kwantar da karnukanmu ba bakteriya ba ne. Ga misalai:

Ɗan kwikwiyon da ke amai da zawo mai jini da wari, sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ta daban, nau'in bairos, da ake kira parvo. Antibayotik ba ya kashe ta. Abin da ke kashe kwikwiyon shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma abin da ke ceton sa shi ne ƙarin ruwa. Idan likita ya haɗa da antibayotik, don ya tare wata cuta ce da kan shiga ta hanjin da ya ji rauni.

Karen da ya rame, cikinsa ya yi ƙato, gashinsa ya yamutse, mai yiwuwa tsutsar ciki ce. Maganinta daban ne.

Karen da ke susa har gashinsa ya zube, fatarsa ta yi kaushi, yawanci ƙazuwa ce ko ƙuma. Su ma maganinsu daban.

Karen da kaska ta yi wa yawa, ya yi zazzaɓi, ya ƙi cin abinci, dasashinsa ya yi fari: a nan akwai cututtuka biyu masu kama da juna, kuma kaska iri ɗaya na iya ɗauko su. Ɗaya bakteriya ce, ana maganinta da doxycycline har tsawon kwana 28. Ɗayar kuma wata halitta ce mai fasa ƙwayoyin jini, kuma allurarta daban ce. Da ido kawai, ko likita kan sha wahalar bambanta su, balle mu.

Ke nan tambayar farko ita ce mece ce cutar. Wanda bai san cutar ba, ba shi da hanyar sanin maganinta, balle yawansa.

Yadda ake auna magani

Likitan dabbobi yana duba abu huɗu kafin ya rubuta antibayotik: wane iri ne ya dace da cutar, nawa ne nauyin dabbar, sau nawa za a ba ta a rana, kuma kwana nawa za a yi ana ba ta. Idan ɗaya ya kuskure, sauran ukun ba su da amfani.

Ana lissafin awon da miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki. Bari mu ba da misali don a ga yadda lissafin yake, ba don kowa ya mayar da shi takardar magani ba. A littattafan likitocin dabbobi, awon amoxicillin ga kare yakan kama daga miligiram 10 zuwa 20 a kan kowane kilo, sau biyu ko uku a rana, gwargwadon cutar. Kwikwiyo mai kilo 5 zai buƙaci tsakanin miligiram 50 da 100 a kowane sha. Kafson manya guda ɗaya kuwa miligiram 500 ne. Wanda ya juye masa kafso ɗaya ya ba shi ninki biyar zuwa goma na abin da ya dace.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren. Babban kare mai kilo 20 da aka ba rabin cokalin ruwan maganin yara sau ɗaya a rana, bai samu abin da zai kashe cutar ba. Haka wanda aka ba kafso yau, aka tsallake gobe, aka sake ba shi jibi saboda kuɗin kafso uku kawai ake da shi. Maganin yana fita daga jiki cikin 'yan awoyi, shi ya sa ake maimaita shi a kan lokaci. Idan aka bar tazara mai tsawo, ƙwayoyin cutar sai su farfaɗo.

Kuma awon wani magani ba ya zama awon wani. Amoxicillin yana da ɗan sauƙi idan aka zarce. Wasu ba su da wannan sauƙin ko kaɗan. Ban da haka, likita yakan rage awo ko ya canza magani gaba ɗaya idan karya tana da ciki ko tana shayarwa, idan kwikwiyo ne, idan kare ya tsufa, ko idan ya yi kwanaki yana zawo jikinsa ya bushe.

Nauyi ma ba a ƙiyasta shi da ido. Hanya mai sauƙi ita ce a sa karen a cikin buhu mai ƙwari, kansa a waje, a rataya a sikelin da ake auna hatsi. Ko kuma mutum ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa riƙe da karen, a cire na farko daga na biyu. Wannan ga kare mai natsuwa ne kawai, wanda ya san mai shi. Karen da halinsa ya canza, kada kowa ya ɗauke shi.

Allurar shanu a jikin kare

Wannan shi ne kuskuren da ya fi saurin kisa. Magungunan shanu an haɗa su da ƙarfi ne domin dabba mai kilo 200 ko 300.

Mu ɗauki allurar nan mai ruwan ɗorawa ko ruwan zuma, oxytetracycline mai dogon aiki, wadda aka rubuta 20% a jikin kwalbarta. Kowane mililita ɗaya, abin da masu allura ke kira sisi ɗaya, yana ɗauke da miligiram 200. Ga saniya ana ba da sisi 1 a kan kowane kilo 10, wato saniya mai kilo 250 tana shan sisi 25. Wanda hannunsa ya saba da wannan, idan ya zuƙi sisi 5 gani yake ɗan kaɗan ne. Amma a jikin kare mai kilo 12, sisi 5 ya zarce ninki huɗu na awon saniyar ma. Allurar tana da zafi, tana iya kumbura wurin ya ruɓe, kuma yawanta na lalata ƙoda.

Sai garin nan na cikin ƙaramar leda da makiyaya ke narkarwa don maganin sammore, mai suna diminazene. Shi ba antibayotik ba ne, amma mun ambace shi saboda ana yawan yi wa karnuka shi idan an ga zazzaɓin kaska. Ƙaramar ledar mai giram 2.36 an auna ta ne domin dabba mai kilo 300. Kare mai kilo 15 kashi ɗaya cikin ashirin na ledar ne rabonsa, in har likita ya ga yana buƙata. A wurin kare, tazarar da ke tsakanin awon warkewa da awon halaka siririya ce ƙwarai. Idan aka zarce, ko aka maimaita washegari, maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa: kare ya riƙa tangaɗi, ya sandare, ya mutu.

Magungunan mutane masu cutar da kare

Wasu magungunan da ke cikin ledojinmu suna da illa ta musamman ga kare, ko da an ga kamar awon bai yi yawa ba.

Tetracycline da 'yan'uwansa, idan aka ba kwikwiyo ko karya mai ciki, suna iya ɓata haƙoran 'ya'yan. Idan kuma ya wuce ranar ƙarewar aikinsa, yana iya komawa guba ga ƙoda.

Ciprofloxacin da enrofloxacin suna iya lalata guringuntsin gaɓoɓin kwikwiyon da bai gama girma ba, ya tashi yana ɗingishi.

Allurar gentamicin tana iya kashe ƙodar dabbar da ruwan jikinta ya ƙare.

Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, idan ya yi yawa ko aka daɗe ana bayarwa, yana sa tangaɗi da jijjiga.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini da ciwon ƙoda. Paracetamol idan ya zarce yana lalata hantar kare, ga kyanwa kuwa ko kaɗan ne yana iya kashe ta.

Ciwon da babu kafson da ke warkar da shi

A nan muke roƙon kowa ya natsu ya karanta, ya kuma karanta wa wanda bai iya ba. Haukan kare cuta ce ta bairos. Babu antibayotik, babu allura, babu maganin gargajiya da ke warkar da dabba ko mutum da zarar alamunta sun bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suke samun ta, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Haɗarin shi ne, farkon cutar na iya kama da ciwo na yau da kullum. Ba kowane mahaukacin kare ke cizo da gudu ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi, saboda tausayi, sai ya buɗe masa baki don ya ciro ƙashin ko ya tura masa kafso. Yawun nan idan ya taɓa ƙujewa ko yanka a hannu, ya isa.

Saboda haka: karen da halinsa ya canza ba zato, ko muryarsa ta canza, ko yake dalalar da yawu, ko ƙafafunsa na baya suka mutu, kada a sa masa hannu a baki. A nisantar da yara. Idan za a iya rufe shi a wuri guda ba tare da an taɓa shi ba, a yi haka, a sanar da wakilin unguwa da ma'aikatanmu nan take.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 cur. Kada a sa barkono, toka ko ƙasa, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, a faɗa musu cizon kare ne, domin akwai allurar rigakafi da ake fara yi bayan cizo, kuma tana kare rai idan aka fara ta da wuri aka kammala ta. Kafson da za a saya a kasuwa ba ya maye gurbinta. Idan karen da ya yi cizon yana nan lafiya lau, kada a kashe shi, kada a kore shi. A killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido na aƙalla kwana 10, amma wanda aka ciza kada ya jira waɗannan kwanakin kafin ya je asibiti.

Shi kuma kare ana yi masa rigakafin wannan cuta tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. A cikin duk kuɗin da za a kashe wa kare, babu wanda ya kai wannan amfani ga yaran gida.

Me ya haɗa maganin kare da lafiyar 'ya'yanmu?

Wani zai ce, to idan karen ya mutu ai asarata ce ni kaɗai. Abin bai tsaya nan ba.

Duk lokacin da aka ba da antibayotik, ƙwayoyin cuta marasa ƙarfi ne ke fara mutuwa. Idan awon ya gaza ko aka bayar ba bisa buƙata ba, masu taurin ciki suna tsira, su hayayyafa, su zama irin da wannan maganin ba ya kashewa. Mutumin da ya gano penicillin a 1928, Alexander Fleming, shi da kansa ya yi gargaɗi a kan haka tun 1945, cewa shan abin da bai kai awo ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani.

Yau abin ya tabbata. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutane kusan miliyan 1.27 sun mutu a duniya kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin antibayotik. Kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan wannan mutuwa.

Ƙwayoyin cuta ba su san bambancin mutum da dabba ba. A inda muke zaune yanzu, matsuguni a matse yake. Kare yana kashi kusa da inda yara ke wasa, yana lasar kwano, ƙudaje na tashi daga can su sauka nan, ruwan sama na kwashe komai ya kai inda ake ɗiba. Bakteriyar da ta koyi jure wa amoxicillin a cikin hanjin kare tana iya isa cikin jariri. Ranar da jaririn ya kamu da cutar da ke buƙatar wannan magani, sai a ga an sha ba sauƙi, sai an nemi wani mai tsada wanda wataƙila babu shi a kusa.

Akwai kuma asara ta kusa. Idan aka ɗebi kafso uku daga cikin na yaro aka ba kare, yaron bai kammala nasa ba, karen ma bai samu cikakke ba. Maganin da asibiti ta ba mutum, nasa ne shi kaɗai, ya sha yadda aka ce.

Maganin tire da na bayan babur

Kasuwar Malanville babbar kasuwa ce, kaya na shigo mata daga ƙasashe uku, kuma a cikin kayan har da magunguna marasa asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. A wannan shekarar ce hukumomin Benin suka kai samame sashen masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa da ke Kwatano, suka kwashe magunguna masu ɗimbin yawa. Mu sani cewa tallar magani a titi ya saɓa wa dokar wannan ƙasa.

Ko maganin na gaske ne, rana na ɓata shi. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. A nan kwarin Kogin Kwara, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Kafson da ya yi makonni a tire cikin wannan rana, wanda aka ciro daga kwalinsa babu suna babu kwanan wata, babu wanda zai iya cewa miligiram nawa ya rage a cikinsa. A irin wannan, ko lissafin likita ba zai yi aiki ba. Araha ba ta ado: a sayi magani a farmasi ko a shagon maganin dabbobi mai izini, a cikin kwalinsa, a duba ranar ƙarewar aikinsa.

Ina za mu samu likitan dabbobi?

Mun san da yawanmu a can gida muna da malamin dabbobin da muka saba da shi, a Gaya, ko Kamba, ko Illo, ko wani wuri. A ƙarshen watan Yuli na 2023 zirga-zirga a kan gadar Malanville da Gaya ta samu cikas, kuma ba ma ba kowa shawarar ya tsallaka kogi da dabba marar lafiya a kwalekwale.

A Benin, kula da lafiyar dabbobi yana ƙarƙashin ma'aikatar noma, kiwo da kamun kifi. Tana da jami'ai a matakin gundumar Malanville, babban ofishinta na jihar Alibori kuma yana Kandi. Akwai kuma likitoci da malaman dabbobi masu zaman kansu da hukuma ta ba izini, kuma akan same su a kasuwannin dabbobi irin ta Guéné. Da Faransanci sunan aikin vétérinaire. Wanda bai san inda zai fara ba, ko harshe ya zame masa matsala, ya faɗa wa wakilin unguwarsa ko ɗaya daga cikin ma'aikatanmu, mu taimaka wajen haɗa shi da wanda ya dace. Matambayi ba ya ɓata. Maƙwabta kuma za su iya haɗa kai su kira malami sau ɗaya ya duba dabbobin gidaje da yawa, a raba kuɗin zuwansa.

Ko ta waya ce, a shirya masa waɗannan bayanai:

- shekarun karen ko watanninsa, da nauyinsa in an auna;
- namiji ne ko mace, tana da ciki ko tana shayarwa;
- yaushe ciwon ya fara, yana ci yana sha ko a'a;
- akwai amai, zawo, jini, tari, rauni ko kaska;
- an taɓa yi masa rigakafi, kuma ya ciji wani ko wani kare ya cije shi;
- duk maganin da aka riga aka ba shi, da yawansa. Kada a ɓoye wannan don jin kunya. A ɗauki hoton kwalin a tura masa in da hali.

Kafin ya iso

A sa karen a inuwa, nesa da yara da wurin girki. A ajiye masa ruwa mai tsabta a kwanonsa na daban. Idan yana zawo, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a kwashe kashin a binne. Idan rauni ne, a tafasa rabin lita na ruwa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a wanke wurin sau biyu a rana, a kare shi daga ƙuda. Ƙananan raunuka da yawa wannan wankin ya ishe su. Kada a shafa baƙin mai, fetur ko maganin feshin auduga a fatar dabba, don yana ratsa fata, kuma kare zai lashe shi. Kaska a cire ta da ɗan matsi kusa da fata, kada a fasa ta da yatsa. Bayan kowane taɓi, a wanke hannu da sabulu.

Bayan ya rubuta magani

A roƙe shi ya rubuta ko ya zana a jikin kwalin: nawa, sau nawa, kwana nawa. Sau biyu a rana na nufin safe da dare, awa 12 tsakani. Mutum ɗaya babba ya ɗauki nauyin bayarwa, don kada a ba shi sau biyu ko a manta. Yara kada su ba da magani. Wanda ya san jikinsa ba ya karɓar penicillin kada ya taɓa amoxicillin ko ampicillin da hannu. A tambaya ko ana haɗa maganin da abinci, domin wasu, kamar tetracycline, nono na rage musu ƙarfi. Idan an manta sha ɗaya, kada a ninka na gaba.

A kammala kwanakin da likita ya faɗa, ko da karen ya miƙe. Idan bayan kwana biyu ko uku babu sauƙi, a koma wa likita maimakon a ƙara awo. Idan fuskar karen ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko yana tangaɗi, a dakatar da maganin a kira shi nan da nan. Ragowar magani kada a ajiye don wata rana, kada a ba maƙwabci, kada a zubar a kogi. A mayar wa likitan ko a kawo asibiti. Kuma a ajiye maganin dabbobi daban da na mutane, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Awaki, tumaki da shanu

Duk abin da muka faɗa ya shafe su, da ƙarin abu ɗaya. Dabbar da aka yi wa antibayotik, maganin yana zama a nononta da namanta na wani lokaci. Ana rubuta adadin kwanakin jira a jikin kwalba, da Faransanci temps d'attente. Ga wasu allurai masu dogon aiki, jiran nama kan kai makonni uku zuwa huɗu ko fiye. A cikin kwanakin da aka rubuta, kada a ba yara nonon, kada a kai shi kasuwa, kada a yanka dabbar don ci ko sayarwa. A tambayi likita kwanakin tun ranar da ya yi allurar, a riƙe lissafinsu.

Wanda ke da kare a gidansa wanda ba a taɓa yi wa rigakafin hauka ba, ya sanar da wakilin unguwarsa, domin mu san yawansu idan za mu yi magana da jami'an kiwo. Wanda kuma ya karanta wannan takarda, ya bayyana wa maƙwabcinsa da Hausa, ko Dendi, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. Allah Ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu.